Masai da rijiya a ƙasar Korama: ina ƙazantar Magarya da Dungas take zuwa?

A ƙasar Magarya da Dungas tonon rijiya ba ya ba mutum wuya. A fadamun Bande da Waca, mai haƙa yakan tarar da laima tun bai yi gaba biyu ba, wani kwarin ma da damina hannu kawai za ka sa ka yaye yashi ruwa ya tsattsafo. Mutanen birnin Damagaram, waɗanda garinsu ke zaune kan dutse, ake jawo musu ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza, suke kwana a layin famfo da bazara, su ne suka fi mu sanin girman wannan baiwa. Da ita muke noman rake da rogo da dankali da albasa da kabeji bayan an kai gero rumbu. Sai dai ruwan da yake kusa da guga yana kusa da ramin masai ma, kuma wannan ɓangaren zancen ba a cika son yinsa a zaure ba.

Korama kwari ne da ya taso daga wajen Kance da Matamai, ya ratsa ƙasarmu ya nufi iyakar Najeriya, yana cikin yankin da ruwansa ke gangarawa Tafkin Cadi. Wanda ya zo da rani yana neman kogi mai gudu zai koma bai gan shi ba. Abin da zai gani tabkuna ne jefi-jefi, da giginya da dabino, da garake kore shar a tsakanin tuddan yashi. Ainihin ruwan yana tafiya ne a hankali cikin yashin ƙasa. Shi ya sa ɓacinsa ba ya bayyana kamar na Jakara a Kano ko na Gunti Yena a Yamai, waɗanda hanci ke shaida su tun daga nesa. Namu yakan fito daga rijiya garau, da sanyi da daɗin sha, alhali akwai abin da ke ciki.

A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum sama da 570,000, Dungas kuma, wadda aka ɓalle ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tana da sama da 350,000. Yau an zarce miliyan nesa ba kusa ba, a ɗaya daga cikin yankunan Nijar da suka fi cunkoson jama'a. Duk wannan taro babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidajensu zuwa wata matata. A Nijar gaba ɗaya wajen mutum biyu cikin uku daji suke fita. Sauran kuwa ramin da suka haƙa a kusurwar gida shi ne matatarsu, ko sun sani ko ba su sani ba.

Rami yana iya yin wannan aiki da kyau, in an cika masa sharaɗi. Ruwan da ke tsiyaya daga masai, in ya bi ta busasshiyar ƙasa mai iska a cikinta, yashi yakan tare ƙwai da manyan ƙwayoyin cuta, ƙananan kuma su mutu a hanya. Saboda haka masu aikin tsabta suka tsayar da awo biyu: gindin ramin ya ɗara saman ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma tsakaninsa da rijiya a sami mita 30. A kan tudu, inda ruwa ke da nisa, sharaɗin farko ba ya wuya. A gefen fadama kuwa, inda ruwa ke mita biyu da rani ya taso zuwa mita ɗaya a watan Agusta, ramin mita biyu yana zaune ne tsamo-tsamo cikin ruwan da maƙwabta ke sha. Ita kuma mita 30, a je a auna a tsohuwar unguwa inda gidaje ke manne da juna. Mai gida yakan nisanta masansa da tasa rijiyar, ya kai shi jikin katanga, bai duba cewa bayan katangar rijiyar wani ce ba.

Akwai kuma abin da yashi ba ya tarewa sam. Fitsari da bayan gida suna rikiɗa cikin ƙasa su zama wani gishiri mai suna nitirat, wanda ba shi da launi ba shi da wari, tafasa ruwa ma ba ta kawar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita guda ta ruwan sha, domin yana hana jinin jariri ɗaukar iska yadda ya kamata.

Turawa ma da gawa suka koyi wannan darasi. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta Landan cikin 'yan makonni. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya gano famfo guda ne, na titin Broad, ya sa aka cire masa hannu. Da aka tona daga baya sai aka tarar da tsohon ramin masai bai fi mita guda da rijiyar ba. Mutanen unguwar kuwa yabon ruwan famfon suke yi, har daga nesa ake aiko a ɗiba.

Mu ma mun ga namu. A 2021 amai da zawo ya kama mutum sama da 5,000 a Nijar, ya kashe sama da 150, kuma jihar Damagaram tana cikin inda ya taɓa. A 2018 an sami yara da shan inna a gundumar Magarya, bincike ya nuna ƙwayar dangin wadda ke yawo a Jigawa ce. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yawan masu ƙetarawa Ɓaɓura ta Tinkim, ko masu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Cututtukan nan biyu hanyarsu ɗaya: daga cikin wani zuwa bakin wani, ta ruwa ko hannu ko ƙuda. A shekarar 2018 ɗin ce kuma ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Magarya a 2005, ta ba da sanarwar cewa a tsakiyar damina ana rasa yara wajen goma a kullum a sashen yara na asibitin garin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. In an ce tamowa hankalin kowa kan rumbu yake tafiya. Amma yaron da ke zawo yau da gobe, ko an cika masa ciki, abincin ba ya zama a jikinsa. Sai tsargiya, wadda ta zama ruwan dare har wasu iyaye ke ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro: mai ita ya yi fitsari a tabki, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ya zo iyo.

Yanzu mu zo inda na fi son a tsaya. Rami yana cika. Lissafin da injiniyoyi ke aiki da shi shi ne mutum guda yana tara lita 40 zuwa 60 na laka a masai kowace shekara. Gida mai mutum goma, da rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita biyu, shekara uku zuwa huɗu ya ishe shi. Gari mai mutum 25,000, in kowa na da masai, zai fitar da duro 5,000 zuwa 7,500 a shekara, irin duron nan mai cin lita 200. A ƙauye in rami ya cika sai a rufe a haƙa wani. A cikin gari fili ya ƙare, dole a kwashe.

Na taɓa tsayawa kan kwasar masai a gidan wani ɗan'uwana, shi ya yi tafiya ya bar mini sallahu. Sai da sawu ya ɗauke suka zo, su uku, da bokiti da igiya da shebur da tocila. Suka fasa murfin siminti, suka tsiyaya kananzir don ya danne wari, suka ɗan jira, sannan ƙaraminsu ya tuɓe riga ya shiga. Ba safar hannu, ba takalmin roba, ɗan ƙyalle kawai ya ɗaure hanci da shi. Yana cikawa ana ja, ana juyewa a durori biyu da ke kan amalanke. Ban ji ɗayansu ya yi tsaki ba. Da suka gama ɗaure lodin farko na tambayi babbansu inda za su kai. Ya ce bayan gari, kududdufin da ake bugun bulo. Na ce ai can yara ke wanka da damina. Ya dube ni, ba tare da fushi ba, ya ce, “Malam, in akwai wani wuri ka nuna mini, ni dai sa ne ke ja.”

Ba ni da amsa a daren, kuma har yau ina ganin duk zancen tace ƙazanta a ƙananan garuruwanmu yana cikin maganar nan tasa. Mutanen nan, waɗanda a Kano ake kira “gidan kowa da akwai”, su ne ma'aikatar tsabtar gari ta haƙiƙa. Ana ƙyamar gaisawa da su, ana hana su 'ya, sannan ana zarginsu da ɓata gari, alhali ba wanda ya ware musu ko taƙi ɗaya na fili. Wani mai gidan ma, don ya rage kuɗin amalanke, cewa yake a haƙa rami a lungu jikin katanga a binne nan. Ruwan sama na farko mai ƙarfi sai ya tone shi. Kududdufin bayan gari kuma ba rufaffen wuri ba ne: ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, ya fi ko'ina kusa da ruwan ƙasa, in ya cika ya tumbatsa kwari yake bi, kwarin nan kuwa shi ne garake.

Ruwan wanka da wanke-wanke da ke fita ta rariya ya kwanta a gologo, shi ne ya fi damun ido da hanci, amma haɗarinsa bai kai na masai ba. Ramin tsiyaya cike da duwatsu a ƙofar gida yana maganin mafi yawansa. Abu ɗaya da ya kamata a gyara a fahimtar mutane: sauron da ke haihuwa a baƙin ruwan kwata galibi ba shi ne mai kawo zazzaɓi ba, mai kawo zazzaɓin ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa. Wani abin lura kuma, duk garin da aka kafa wa tankin ruwa aka ja famfo gida-gida, ƙazamin ruwansa ƙaruwa yake yi, domin kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ya shiga gida zai fito. Ana bikin buɗe famfo da kiɗa da jawabi, ba a tambayar inda ruwan zai koma.

To mece ce matata ta ƙaramin gari? Mutane da sun ji kalmar sai su hango injuna da manyan tankuna irin na Turai. Waɗannan ba namu ba ne, ko don wuta. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar. Matatar da numfashinta ke hannun wutar lantarki, in wuta ta ɗauke kwana biyu ta zama kududdufi mai tsada. Abin da muke da shi a wadace rana ce da zafi da fili, kuma su ne ainihin kayan aikin.

Kashi na farko shi ne shimfiɗar shanya. Ana gina kwali-kwali na bulo da siminti, a zuba tsakuwa a ƙasa, a bi da yashi a sama, a sa bututu mai huji a gindi. Mai amalanke ko motar zuƙa ya juye lakar a kai, kauri kamar kamu ɗaya bai cika ba, wato santimita 20 zuwa 30. Ruwan ya tsiyaye ta ƙasa, rana ta shanye saura. Da rani cikin mako biyu ta bushe ta tsattsage, a kwashe da shebur. Ana yin kwali da yawa don wannan na bushewa ana zuba wa wancan.

Kashi na biyu tabkuna ne na gini, a jere, ruwan da ya tsiyaye yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Na farko mai zurfi ne, mita biyu zuwa biyar, a nan dauɗa ke kwantawa tana ruɓewa, kuma shi ne mai wari. Na biyu bai wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, amma ya fi faɗi. A nan gansakuka ke yaɗuwa har ruwan ya koma kore, tana ba da iskar da ƙananan halittu ke buƙata su cinye dauɗar. Na uku ya fi su rashin zurfi, don hasken rana ya ratsa ya kashe ƙwayoyin cuta. Tafiyar duka takan ɗauki mako uku zuwa wata guda. Ba a zuba magani, ba a kunna inji. Birnin Wagadugu yana da irin waɗannan tabkuna a Kosodo tun 2004. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai an yi gwajin ƙananansu, har da kiwon kifi a ruwan ƙarshe. Yamai ɗin ma ta sami wurin tace lakar masai da aka gina da tallafin Bankin Duniya.

Sai dai wanda zai ɗauko wannan tsari ya kawo ƙasar Korama, ya yi hattara, don yana iya gina babban masai da sunan matata. Tabkin da aka haƙa a yashi ba a daɓe shi ba, abin da aka zuba masa kai tsaye zai miƙa wa ruwan ƙasa, kuma a wuri guda, da yawa. Dole a daɓe gindinsa da yumɓu mai kauri ko a shimfiɗa leda ta musamman. Dole ya kasance a kan tudu, nesa da fadama da rijiyoyin da gari ke sha. A duba iska: da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina daga kudu maso yamma, saboda haka wurin ya kauce wa layin nan biyu in ba a son rigima da unguwa. Kuma kada ya yi nisa. Wannan sharaɗin ne masu zane a ofis suka fi mantawa. Mai amalanke da ke son ya yi sawu uku kafin asuba ba zai yi tafiyar kilomita goma ba, zai sauke kayansa a kwarin farko da ba mai ganinsa. Bayan gini kuma akwai kulawa: a riƙa nome ciyawar bakin tabki don kada sauro ya samu maɓoya, a hana kacala mamayewa kamar yadda ta cinye wasu tabkunanmu, a yashe tabkin farko duk bayan 'yan shekaru, a yi shinge saboda yara da dabbobi.

Busasshiyar lakar nan taki ce, kuma ƙasarmu mai yashi da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu tana matuƙar buƙatarsa. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen abin da masu kwasa suka kawo. Kuskuren shi ne zuba shi ɗanye, ko da zarar ya bushe. Ƙwan macijin ciki yana da taurin rai, yakan yi watanni a ƙasa bai mutu ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ita ce a ajiye shi sama da shekara guda a yanayi mai zafi irin namu, ko a haɗa shi da shara da kara a tara har zafin cikinsa ya wuce digiri 50 na tsawon mako ko fiye. Ko bayan haka, ni dai a ganina a kai shi gonar gero da dawa da gindin itatuwa. Salak da tumatir da karas, da duk abin da ake ci ba dahuwa, a bar su da takin dabbobi. Kuɗin takin ba zai biya gini ba, amma zai iya riƙe mai gadi da ɗan gyare-gyare.

Ga mazauna bakin fadama, inda ba yadda za a yi rami ya kuɓuce wa ruwa, akwai masai na tudu: a gina ɗakin tarawa a saman ƙasa, a hau da matakala. Akwai mai rami biyu marasa zurfi, ana amfani da ɗaya shekara ɗaya ko biyu, ɗayan na rufe yana bushewa. Sun fi tsada, tsofaffi kuma ba sa son hawa. Rijiya ita ma tana son dakalin siminti da murfi da guga guda da ba ya taɓa ƙasa, in annoba ta shigo kuma a sa wa ruwan sha maganin kulorin.

Tun 2009 ake gudanar da wani shiri a Nijar na zaburar da ƙauyuka su daina fita daji, kowa ya haƙa masai da ƙarfinsa. Ya yi amfani, musamman ga mata, waɗanda da sai duhu ya yi suke samun fita. Inda nake da ja shi ne abin da ake ƙirgawa. Ana ƙirga ramuka, a ba gari takardar shaida, a tafi. Ramin da aka haƙa a yashi ba a ɗaure shi da bulo ba, damina ɗaya ke rusa shi. Wanda ya tsaya kuma zai cika, ba wanda ya tanadi ranar.

Doka ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar tsabtar jama'a tun 1993, akwai dokar ruwa ta 2010, a 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ikon kula da ruwa da muhalli. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 400 don wani babban shirin ruwa a Nijar wanda tsabta ke cikinsa. Amma manyan kuɗi manyan birane suke fara bi, kafin su iso Dungas ko Malawa ko Tsatsumburum an daɗe. Abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba, ba shi da tsada: ta san masu kwasa da sunayensu, ta ba su takalma da safar hannu da allurar rigakafi, ta yanka farashi, ta nuna wuri. Ko kafin a sami kuɗin siminti, a kan tudun da ruwa ke da nisa ana iya haƙa dogayen ramuka marasa zurfi, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, daga baya a dasa itatuwa a kai. Ya fi kududdufi sau ɗari.

Fili ne abin gaggawa. Garuruwanmu suna cin gonakin gefensu kowace shekara, tudun da yau ake ganin daji ne, nan da shekara goma unguwa ce, kuma ba unguwar da za ta yarda a kawo mata wannan maƙwabci bayan ta zauna. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su, su ne za a tunkara da maganar, tare da sarakuna da masu unguwanni da ke da ta cewa kan gonaki. Duk lokacin da za a yanka sababbin filaye ana ware na masallaci da makaranta da kasuwa da maƙabarta. A ƙara eka ɗaya ko biyu a kan tudu, a biya mai gonar haƙƙinsa, a yi takarda da sunan gari, a kafa duwatsun iyaka.